Idan Yaro Ya Yi Kisa, Me Doka Take Yi da Shi?

  Wanda ke gida, wanda ke shago, da direban da ya kunna rediyo a kan hanya, duk ina gaishe ku.

Maganarmu ta yau tana da nauyi. Idan akwai ƙananan yara a kusa da ke, Hajiya, ki ɗan aike su tsakar gida. Manyansu kuwa, 'yan shekara 14 zuwa sama, bar su su zauna. Da su ake.

Bari in fara da misali. Misali ne kawai, ban ɗauko shi daga gidan kowa ba.

Bayan la'asar, yara suna ƙwallo a filin makarantar unguwa. Aka yi gardama a kan ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba. Zagi ya biyo baya, sai dambe. Wani ɗan shekara 15 ya zaro almakashin da yake koyon ɗinki da shi. Sau ɗaya ya kai suka. Kafin a isa asibiti, rai ya yi halinsa. Wanda ya mutu shekararsa 14.

A daren nan uwa biyu ba za su runtsa ba. Ɗaya an kai ɗanta makwanci. Ɗaya ɗanta yana bayan kanta a ofishin 'yan sanda. Gari na wayewa, za ka ji magana iri biyu a majalisar unguwa. Wasu su ce, "Wanda ya kashe a kashe shi, ai ya san abin da yake yi." Wasu su ce, "Yaro ne, ba abin da za a yi masa, gobe za ku gan shi yana yawo." Duka biyun ba haka doka ta ce ba. Yaron da ya yi kisa ba a rataye shi. Kuma ba a sallamarsa ya koma gida kamar ba abin da ya faru. Ku riƙe wannan, don a kansa za mu yi ta dawowa.

To, kashi na farko. Wane ne yaro a idon doka?

A Arewacin Najeriya, babban kundin laifuffuka shi ne wanda muke kira Final Kod. Tun 1960 ake aiki da shi. Sashe na 221 shi ne na kisan kai da gangan, kuma hukuncinsa kisa ne. Duk mai bin labaran kotu ya saba jin wannan lambar. Amma akwai wani sashe da ba a cika ambata ba, sashe na 50. Shi ne ya yi wa yara matakala.

Matakin farko, ƙasa da shekara 7. Wannan ba ya laifi a wurin doka, ko me ya aikata. Ɗan shekara 5 ya ɗauki bindigar farautar babansa, ta tashi, ta kashe ƙanwarsa. Musiba ce. Ba za a gurfanar da shi ba. In akwai mai amsa tambaya, to wanda ya jingine bindigar ne.

Mataki na biyu, daga shekara 7 zuwa ƙasa da 12. Nan sai an auna hankalin yaron. Shin ya kai ya gane abin da yake yi? Ya san abin da zai biyo baya? Ya san cewa in mutum ya mutu ba ya tashi, ba kamar a fim ba? In bai kai ba, babu laifi a kansa.

Mataki na uku, daga 12 zuwa sama. Wannan zai amsa laifinsa. Za a tuhume shi, za a yi masa shari'a, za a iya samunsa da laifin kisa. Inda ya bambanta da babba shi ne wajen hukunci.

Bakwai, sha biyu, sai sha takwas. Tsofaffin dokokinmu a 17 suka ja layin hukuncin kisa. Sababbi suka ɗaga shi zuwa 18.

Kowace ƙasa da inda ta ja nata layin farko. 'Yan'uwanmu na Nijar, a wurinsu yaron da bai kai 13 ba ba ya ɗaukar alhakin laifi. A Gana 12 ne. A Ingila 10. A Norwe 15. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin yara ya ba da shawara a 2019 cewa kada layin ya gaza 14. Kun ga namu na 7 yana can ƙasa ƙwarai. Ni a ganina ya yi ƙasa da yawa. Ɗan shekara 8 da har yanzu yake kuka in an hana shi alewa, ban ga abin da zai fahimta a gaban alƙali ba.

Mu shiga kashi na biyu. Nan zan ɗan daɗe, don nan ne rayuka suke salwanta.

Wace rana ake dubawa? Ranar da aka yi laifin, ko ranar da alƙali ya yanke hukunci?

Ranar laifin ake dubawa. In sake faɗa: ranar laifin. Kotun Ƙolin Najeriya ta sha jaddada wannan. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya, ta 2015, ita ma haka ta ce a sashe na 405.

Me ya sa wannan yake da muhimmanci? Saboda shari'a a ƙasarmu tana jan ƙafa. An kama yaro yana 15. Aka kai shi kotun majistare. Majistare ba shi da hurumin sauraron shari'ar kisa, wato ba shi da ikon yanke ta. Sai ya ce a tsare shi, a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Fayil ya kwanta. Shekara ɗaya, biyu, huɗu. Ranar da aka kawo shi Babbar Kotu, ga gemu, ga murya ta buɗe. Mai kallo zai ce wannan ai ƙato ne. Amma wanda ya riƙe almakashin nan ɗan shekara 15 ne. Shi doka take hukuntawa, ko da ƙaton ne a tsaye.

Ga abin da ya faru da gaske a jihar Katsina. Ba zan faɗi sunanta ba. A 2006 aka kama wata yarinya, amarya, 'yar shekara 13. An zarge ta da cinna wutar da ta kashe mijinta, 'yan watanni bayan aure. Shari'a ta yi ta tafiya. A 2012 Babbar Kotu ta yanke mata hukuncin kisa. Lokacin ta zama cikakkiyar mace. Lauyoyi suka kai maganar kotun ECOWAS da ke Abuja. A 2014 kotun ta ce yanke mata hukuncin kisa a kan abin da aka ce ta yi tana ƙarama tauye haƙƙi ne, ta kuma ce a biya ta diyya. A 2015 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta soke hukuncin kisan. Sai a 2016 aka sake ta. Ku lissafa. Shekara 10 ke nan daga ranar kamu. Doka tana nan a rubuce tun farko. Amma sai da aka haura kotu bayan kotu kafin a yi aiki da ita.

Yanzu ga tambayar da ta shafe ka, Malam, kai da kake saurare. In aka ce ka tabbatar wa kotu shekarun ɗanka, da me za ka tabbatar?

"An haife shi shekarar da aka yi ambaliya." "Sa'an ɗan wane ne." "Da azumi aka haife shi, ana sanyi." Mu a gida wannan ya wadatar. A kotu bai wadatar ba. Ɗan sanda zai dubi tsawon yaro da faɗin kafaɗarsa ya rubuta 19. Yaron ƙauye mai noma, mai ɗaukar kaya, jikinsa kan riga shekarunsa. Da an rubuta 19 a takardar farko, gyara ta sai an sha wuya. Kotu tana iya aika shi wurin likita, a dubi haƙora, a ɗauki hoton ƙashi. Amma likita kintace yake yi. Zai ce tsakanin 16 da 19. To a tsakanin 16 da 19 ɗin nan igiya take.

Takardar haihuwa. Hukumar ƙidaya ta ƙasa ce take bayar da ita, a asibitoci da ofisoshin ƙananan hukumomi. Wani babban bincike na 2021 ya nuna cewa wajen kashi 57 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 ne aka yi wa rajistar haihuwa. A karkarar Arewa abin ya fi haka ƙasa. In babu ita, katin rigakafi yana taimakawa. Rajistar shiga firamare tana taimakawa. Har littafin da wasu iyaye ke rubuta ranar suna a ciki yana da amfani. Ba wanda yake haihuwa yana tunanin kotu, Allah Ya kiyashe mu. Amma takardar nan ba ta cin abinci. A karɓo ta, a sa a ƙasan akwati.

Kashi na uku. An tabbatar yaro ne, an kuma tabbatar ya yi kisan. Sai me?

Akwai hanya uku a dokokinmu, gwargwadon jiha da dokar da take aiki da ita.

Tsohuwar hanya ita ce a tsare shi "har sai yadda gwamna ya ga dama". Haka lauyoyi suke faɗa. Ma'anarsa, alƙali bai yanka wa'adi ba. Za a ajiye shi, gwamna ne zai ce ga inda za a ajiye shi, ga kuma ranar da zai fita. Daga Turawan Ingila muka gaji wannan. A can sunan sarki ko sarauniya ake ambata.

Hanya ta biyu ita ce ta dokar 2015 da na ambata. Ta ce ba za a furta masa hukuncin kisa ba, ba ma za a rubuta shi ba. A maimakonsa, ɗaurin rai da rai, ko wasu shekaru da alƙali ya ga sun dace. Kun ji ko? Har ɗaurin rai da rai yana iya hawa kansa. Masu cewa "ba abin da za a yi masa" sai su sake tunani.

Hanya ta uku ita ce Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. Ita ta fi sassauci. Ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Ta hana a yanke masa hukuncin kisa. Ta hana a kai shi kurkukun manya. Amma a manyan laifuffuka irin kisa, ta ba kotu dama ta tsare shi na wa'adin da ta ƙayyade, a wurin da aka tanada don yara. Ta ce a yi shari'ar a kotun iyali, a sakaya sunansa, iyayensa su halarta. Sai dai wannan doka ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Jihohin Arewa da dama sun daɗe ba su yi ba, galibi saboda saɓani a kan shekarun aure. Kaduna ta yi tata a 2018. Kano sai a 2023.

Ina ake kai su? Akwai gidajen ajiyar yara na jihohi, waɗanda muke ce wa gidan kangararru. Akwai kuma gidajen horo na tarayya da ake kira Bostal, na matasa 'yan shekara 16 zuwa 21. A can ana karatu, ana koyon kafinta, ɗinki, walda. Shekara da shekaru, guda uku ne aka sani a faɗin ƙasar nan: Kaduna, Ilori da Abekuta. Uku, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Kun san inda ragowar suke ƙarewa. Gidan yari, ɗaki ɗaya da 'yan fashi da masu garkuwa da mutane. An canja wa gidajen yari suna a 2019, yanzu gidajen gyaran hali ake ce musu. Sunan ya yi daɗi. Amma ɗan shekara 15 da ya kwana shekara biyar a gefen gawurtaccen ɗan fashi, wane hali zai fito da shi? Ya shiga da laifin fushin minti ɗaya, ya fito da sana'a.

Bari in koma kan maganar "yadda gwamna ya ga dama", don ina da ja a kanta. Illarta biyu ce. Ta farko, mantuwa. Yaron da ba shi da kowa, gwamna ya sauka, wani ya hau, ba wanda ya tuna da fayil ɗinsa. Ta biyu, siyasa. Ingila da ta ba mu tsarin ta ɗanɗana wannan.

A 1993, kusa da birnin Libaful, wasu yara biyu 'yan shekara 10 suka janye wani yaro ɗan shekara 2 daga kasuwa, suka kashe shi. Ƙasar ta girgiza. Aka yi musu shari'a a kotun manya, a bainar jama'a. Sai da aka ɗaga daɓen akwatin da ake tsayar da masu laifi, don kawunansu su leƙo. Aka same su da laifi. Alƙali ya ba da shawarar kada su yi ƙasa da shekara 8 a tsare. Jama'a suka fusata. Mutum sama da 250,000 suka sa hannu a takardar koke. Ministan cikin gida, Michael Howard, ya mayar da wa'adin shekara 15. A 1997 kotu mafi girma a ƙasar ta ce abin da ya yi ya saɓa doka. A 1999 Kotun Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta ce shari'ar kanta ba a yi adalci a cikinta ba, domin yaran ba su iya bin abin da ake yi da su ba. Ta kuma ce yanka wa'adi aikin alƙali ne, ɗan siyasa ya cire hannunsa. A 2001 aka sake su, da sababbin sunaye, da sharaɗin sa ido har ƙarshen rayuwa. Kuma in faɗa muku gaskiya duka: ɗaya daga cikinsu an sake mayar da shi kurkuku har sau biyu a kan wasu laifuffuka. Ɗayan ba a sake jin ɗuriyarsa a kotu ba. Gyara yana ci, wani lokaci kuma ba ya ci.

Shekara ɗaya bayan wancan kisan, a 1994, a birnin Trondheim na Norwe, aka zargi wasu ƙananan yara da kashe yarinya 'yar shekara 5 a wurin wasa, kodayake bayan shekaru masu yawa an wanke su daga zargin. Ba a kai su kotu ba. Jaridu ba su buga sunansu ba. Aka haɗa su da masana halayyar yara, aka ci gaba da kula da su.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama tashar, muna magana ne a kan hukuncin yaron da ya yi kisa. Mun ce ba a kashe shi, ba a kuma sakinsa haka nan. Mun ce ranar laifi ake dubawa.

Kashi na huɗu. Na san akwai mai cewa a ransa, "Wannan duk dokar Bature ce. Me Musulunci ya ce?"

Tambaya ce mai kyau. Amsarta tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Hadisi sananne ya nuna cewa an ɗauke alƙalami daga kan mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya warke. A kan haka malamai suka ce babu ƙisasi a kan yaro. Ƙisasi shi ne a kashe wanda ya kashe. A mazhabarmu ta Malikiyya, gangancin yaro ana ɗaukarsa a matsayin kuskure. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta kan wannan mas'ala.

To jinin ya tafi a banza ke nan? A'a. Akwai diyya, raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya. Wa zai biya? Aƙila. Aƙila su ne dangin yaron ta wajen uba, mazan da suke taruwa su ɗauki nauyi. Ku dubi hikimar. An ɗauke takobi daga wuyan yaro, an ɗora nauyi a wuyan manyan gidansu. Kamar ana ce musu, ku ne kuka sake shi. Ɗan kuka dai shi ke jawo wa uwarsa jifa. Bayan haka, hukuma tana da damar yi masa ladabi gwargwadon hankalinsa.

Akwai ƙarin mas'ala biyu da suka dace da zamaninmu. Imam Malik ya ce in babba da yaro suka haɗu suka kashe mutum da gangan, babban za a kashe, ɓangaren yaron kuma rabin diyya. Malaman mazhaba kuma suka ce in uba ko malami ya umarci ƙaramin yaro ya yi kisa, ƙisasi yana kan wanda ya ba da umarnin. Final Kod ma ba ta ƙyale mai zuga ba. Saboda haka uban daba da yake miƙa wa ƙananan yara wuƙa da ƙwaya, da ɗan siyasar da yake ɗaukar nauyinsu, kada su zaci yarintar yaron za ta zame musu garkuwa.

Inda aka rabu shi ne wajen layi. Fiƙihu balaga yake dubawa. Alamominta kan bayyana a 13, ko 14, ko 15. In ba su bayyana ba, mashhurin zance a Malikiyya shi ne shekara 18, Shafi'iyya da Hambaliyya kuma 15. Dokar ƙasa da yarjejeniyoyin duniya kuwa 18 suka tsayar ga kowa. Tun da jihohi suka kafa kundin laifuffuka na Shari'a, daga Zamfara a 2000, wannan giɓi yake nan. Ɗan shekara 16 da ya balaga, a wani kundi mukallafi ne, wato wanda hukunci ya hau kansa. A wani kundin kuma yaro ne. Wace kotu aka kai shi? Amsar tana iya zama bambancin rai da mutuwa. Wannan aiki ne da ke jiran malamai da 'yan majalisa su zauna a kansa.

Kashi na biyar. Me ya sa ake sassauta wa yaro tun asali?

Hausawa sun riga likitoci. Sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Yau masu binciken ƙwaƙwalwa sun nuna dalili. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, nan bayan goshi, shi ne birki. Shi ke ce maka dakata, tuna gobe. Wannan sashe shi ne na ƙarshe wajen nuna, sai mutum ya haura shekara 20 da 'yan kai. Amma sashen fushi da son burgewa tun farkon balaga yake ci kamar wutar kara. Ka ɗauka babur ne sabo fil, inji lafiya lau, birki bai gama ɗauruwa ba. Haka ɗan shekara 15 yake. Ya san kisa haramun ne. In ka tambaye shi a zaune zai ba ka amsa daidai. Amma a tsakiyar fili, abokai suna ihu, an zagi uwarsa, birkin ba ya kamawa.

Da irin wannan hujja Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin kisa a kan 'yan ƙasa da 18. A 2005 ne, a shari'ar da ake kira Roper da Simmons. Alƙalai 5 suka rinjayi 4. Dalili uku suka kawo. Yaro hankalinsa bai nuna ba. Yaro yana da saurin bin zugar abokai. Kuma halin yaro bai gama daskarewa ba, yana iya canjawa. A 2012 kotun ta ƙara da cewa ba za a wajabta wa yaro ɗaurin rai da rai marar fita ba tare da an dubi yarintarsa da yanayinsa ba.

Amurka ba ta iso nan da arha ba. A 1944, a jihar Karolaina ta Kudu, an zargi wani yaro baƙar fata, George Stinney, ɗan shekara 14, da kashe 'yan mata biyu farare. Shari'ar ko yini ba ta cika ba. Masu taya alƙali yanke hukunci duk farare ne, kuma cikin kamar minti 10 suka gama shawara. Aka kashe shi a kujerar lantarki. Bayan shekara 70, a 2014, wata alƙaliya ta soke hukuncin, ta ce ba a yi masa adalci ba. An soke, amma wa za a buɗe wa ƙofa? Yaro in ya shiga hannu, ba uba, ba lauya, zai iya amsa abin da bai yi ba don a bar shi ya tafi wurin uwarsa.

Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, a sashe na 37, ta hana abu biyu a kan laifin da aka yi kafin 18: hukuncin kisa, da ɗaurin rai da rai wanda babu damar fita. Nijar ta amince da ita a 1990, Najeriya a 1991. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin yara, ta 1990, ita ma ta hana yanke wa yaro hukuncin kisa.

Ban manta da ɗaya uwar ba. Wadda aka kai ɗanta makwanci. Duk bayanin nan na ƙwaƙwalwa da birki ba zai share mata hawaye ba. Ɗanta ma yaro ne, shi ma nasa birkin bai gama ɗauruwa ba, kuma shi ba wanda ya ba shi dama ta biyu. In ta ce ba ta yafe ba, kada kowa ya ga laifinta. A nan nake ganin kotunanmu sun gaza. Ana ɗage shari'a ba a gaya mata ba. Ana sakin yaro, a bakin maƙwabta za ta ji. Ba diyya, ba ban haƙuri. Fiƙihu ya sa iyalan mamaci a tsakiyar magana. A Final Kod kuwa shari'ar ta gwamnati ce, su shaidu ne kawai. Duk gyaran da za a yi wa dokar yara, in bai waiwayi wannan uwa ba, jama'a ba za su karɓe shi ba. Daga nan ne ɗaukar doka a hannu yake farawa.

Saura abu ɗaya kafin lokaci ya cim mana. In Allah Ya jarrabi gidanka, aka kama ɗanka ko almajirinka a kan rai, me za ka yi a ranar farko?

Kada ka ɓoye shi. Kada ka tura shi ƙauye. Ka raka shi da ƙafarka. Ka tafi da duk takardar da ke nuna shekarunsa, ka tabbata shekarun gaskiya aka rubuta tun a takardar farko. Ka nemi kada a ɗauki jawabinsa sai kana wurin, ko lauya yana wurin. In ba ka da kuɗin lauya, akwai hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta ta gwamnatin tarayya, tana da ofis a jihohi. Akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA. Ka roƙi kada a haɗa shi ɗaki da manya. Sannan manyan gidanku su nemi hanyar zuwa ta'aziyya, ta hannun mai unguwa ko liman, in hankali ya ɗan kwanta.

Kuma ka bi fayil ɗin. Ka bi shi kamar yadda kake bin bashi. A 2014, a jihar Kano, an kama wata amarya 'yar shekara 14 bisa zargin sa maganin ɓera a abinci. Mijinta da wasu mutum uku suka mutu. Masu gabatar da ƙara suka nemi hukuncin kisa a Babbar Kotu da ke Gezawa. Lauyoyi suka tsaya mata, jaridu suka sa ido. A 2015 gwamnatin jihar ta janye ƙarar, kotu ta sallame ta. Shekara ɗaya da 'yan watanni. Ta Katsina kuwa, da ba a waiwaye ta da wuri ba, shekara 10.

Agogo ya nuna lokacinmu ya cika. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu shiga cikin gidan ajiyar yara, mu ji yadda yini yake wucewa a can, daga asuba zuwa kulle ƙofa.